Kawu Lawal da Tsinken Banki

Duk wanda ya saba shiga kasuwar kifi ta Kado da safe a 'yan shekarun nan ya san abin da Kawu Lawal yake fara yi kafin ya buɗe ko kwali ɗaya. Zai shimfiɗa buhu a kan benci ya zauna, ya ciro waya daga aljihun 'yar ciki, ya warware ta daga leda biyu, ya goge fuskarta da hannun riga, ya yi bisimilla, sannan ya kunna data. Abin da yake dubawa wani ɗan tsinke ne irin na ma'aunin man mota, mai nuna darajar sunan mutum a wurin masu ba da bashi: ja a hagu, ruwan ɗorawa a tsakiya, kore a dama. Yana gani zai kashe datar tun kafin ta ci masa kwabo, ya mayar da wayar cikin ledojinta, ya ce, "Yana nan inda na bar shi, ɗan banza." Daga nan sai a fara ciniki.

Ni na koya masa dubawar, kuma na sha yin da-na-sani. Ni ce Hadiza, 'yar ƙanwarsa. A gidansa na tashi, sunan mahaifiyarsa aka sa mini, shi ya sa har na girma na zama malamar firamare bai taɓa kiran sunana ba, sai Uwata. Na gaya masa ya fi a ƙirga cewa abin nan wata-wata ake sabunta shi, duban kullum ɓata lokaci ne.

Sai ya ce, "Na ji, Uwata. To in suka yi kuskure suka sabunta shi yau, wa zai gaya mani?"

Baƙi a kasuwa sun ɗauka wani babban rance yake hari. Ku da kuka san shi kun san mutumin da ko ashana ba ya ara ba zai yi wannan wahalar don rance ba. Abincin rana yake nema. So yake ya koma cin abinci a kwano ɗaya da amininsa Alhaji Mudi, kuma da bakinsa ya ɗaure kansa cewa hakan ba zai yiwu ba sai tsinken nan ya shiga kore.

Alhaji Mudi mai ƙanƙara mutumin Zariya ne. Rumfarsa tana kallon ta Kawu, ba abin da ya raba su sai 'yar hanyar da masu baro suke bi. Sun haɗu tun Abuja ba ta cika ba, kuma fiye da shekara talatin kullum bayan azahar tare suke sa hannu. Hajiya Rabi, matar Kawu, ita take aiko da abincin, Baba Mudi ya sayi ruwa da goro. A kan abincin nan suke raba duniya. A nan suke gyara gwamnati, su aurar da 'ya'yan mutane, su yi faɗa a kan wanda zai ci kan tarwaɗa. Kullum sai sun yi faɗan, kuma ban taɓa jin an samu wanda ya yi nasara ba.

Wata shekara Baba Mudi ya nemi rance a wani ƙaramin banki don ya sayi manyan firji da janareta. Aka ce ya kawo garanto, wato wanda zai tsaya masa, ya zo wa Kawu da takarda. Kawu ko juya ta bai yi ba, ya ce, "Ina ne wurin sa hannu?" A ganinsa karanta takardar da amini ya kawo maka cin fuska ne. Aka yi 'yan watanni lafiya, sai janareta ya ƙone, wuta ta yi ta wasan ɓuya, ƙanƙara ta koma ruwa, biya ya tsaya. Kunya ta hana Baba Mudi magana. Bankin ya yi ta aiko wa Kawu saƙo a tsohuwar wayarsa mai tocila, shi kuwa ba ya buɗe saƙon waya, don ya ce duk mai maganar kirki zai tako ya zo.

A kaina abin ya fashe. Na nemi ɗan rance a wani bankin daban don in kama ɗaki kusa da makarantarmu, ni ma aka ce in kawo garanto. Kawu ya ji daɗi ƙwarai. Ya sa babbar rigarsa ta zuwa ɗaurin aure, ya yi wanka da turare don ya kashe ƙarnin kifi, ya shiga bankin yana gaisa da masu gadi kamar shi ya ɗauke su aiki. Muka zauna gaban wata ma'aikaciya, Madam Rifkatu, 'yar Filato, mace mai haƙuri da Allah ya haɗa da jarrabawa tun daga ranar. Ta danna na'ura, ta dube shi, ta sake dannawa, sannan ta rage murya.

"Baba, sori fa, ba za mu iya karɓan ka ba. Sunanka ya shiga ja."

"Jan me? Ni ko allura ban taɓa ara ba."

"Ba kai ya ci bashin ba, amma kai ya tsaya wa wanda ya ci, kuma bai biya ba. Yanzu duk banki yana gani."

"Duk banki?"

"Duka, Baba."

Kawu ya tuna garinsu, ya ce, "Har na Katsina?"

"Har na Katsina."

Ya tattara rigarsa muka fito. Mai tasi ya faɗi kuɗi, Kawu ya shiga bai taya ba. A nan na san abin ya kai inda ya kai.

Mun iso kasuwa an idar da azahar, an buɗe kwano, Baba Mudi har ya wanke hannu yana jira. Kawu bai zauna ba. Ya tsaya a kansa da babbar riga, mutane suka fara taruwa.

"Mudi, wata nawa kana sa hannu cikin kwanon ga tare da ni, ka san sunana na ruɓewa, ba ka ce mani uffan ba?"

Baba Mudi ya sunkuyar da kai. "Kunya ce, Lawal. Na ce zan gyara kafin ka ji."

"Da ka ce mani kuɗi, da na sayar da rumfar ga na ba ka. Amma a gaban uwata aka kore ni." Ya ɗaga yatsa sama. "Wallahi tallahi, hannuna ba zai ƙara shiga kwano ɗaya da naka ba sai ranar da sunana ya wanku tas a na'urar can."

Kowa ya ji, har masu fere kifi a bayan layi.

Baba Mudi bai kwana da maganar ba. Ya sayar da ɗan filin da yake ajiye wa tsufansa, kafin wata ya ƙare ya biya bankin har kwabon ƙarshe. Kawu kuma fushinsa irin na kara ne, ya riga ya ci ya mutu. A zatonsa magana ta ƙare. Ya sa Hajiya ta ƙara kifi a miya, ya sayi wayar zamani ta hannu bayan cinikin da ya kusa sa mai shagon kuka, ya ce in duba masa. Na duba. Tsinke yana kwance cikin ja ko motsi bai yi ba.

Muka koma wurin Madam Rifkatu. Ta ce bashi kam an biya, amma tabon ba ya gogewa rana ɗaya, a hankali tsinken yake hawa.

"A hankali kamar yaya?"

"Ya danganta, Baba. Zai iya shekara, zai iya fi."

A gida muka cinye ƙarin kifin nan mu kaɗai.

Limamin masallacin kasuwa ya kira shi gefe, ya ce abin ai mai sauƙi ne. Addini ya ba da mafita, ya yi kaffara, ya ciyar da mabuƙata goma, rantsuwa ta faɗi, ya koma ga abokinsa.

Kawu ya ce, "Ni Lawal in karya magana a gaban kasuwa duka? Kuma Malam, ka san kuɗin shinkafa yanzu kuwa?"

Har yau a gidanmu ba a daidaita ba a kan wanne ya fi nauyi a cikin dalilan nan biyu. Hajiya ta ce girman kai ne, ni na ce shinkafar ce. Ko ma wanne ne, Kawu ya yanke cewa tun da tsinke ne ya shiga tsakaninsa da Mudi, to da tsinken zai yi.

Ya fara da hanyar da ya sani. A kasuwa idan sunan mutum ya ɓaci, dattawa ake ɗauka a je a wanke shi. Saboda haka wata safiya ya ɗebi sarkin layinsu da wasu tsofaffi biyu, ya naɗe wata ƙatuwar busasshiyar tarwaɗa a takarda, suka yi wa bankin tsinke. Ni ina biye da su ina roƙon ƙasa ta tsage. Aka ba su kujeru. Sarkin layi ya gyara murya ya fara tun daga zuwan Kawu Abuja da jaka ɗaya, ya bi ta kan amanar da aka taɓa bar masa ta shekara biyu aka same ta yadda aka bari. Sauran suna cewa, "Haka aka yi." Madam Rifkatu ta saurara har ƙarshe, Allah ya saka mata.

Ta ce, "Baba, ni na yarda da ku wallahi. Amma ba ni yake rubuta makin ba, kwamfuta ne."

Kawu ya tura mata ƙunshin. "To a kai mashi wannan, a ce daga Lawal na Kado."

"Kwamfuta ba ya cin kifi, Baba."

"Mai kunna shi fa?"

Ta rantse ba ta san shi ba, kuma ko ta sani ba za ta karɓa ba. Kawu ya ɗauke kifinsa. A hanya ya raba wa dattawan rabi ladan rakiya, ya sayar da rabin kafin la'asar.

Labari ya bazu, sai ga wani mutum da kwat da 'yar jaka ya zo har rumfa. Ya ce yana da ɗan'uwa a ciki, idan aka ba shi wani abu, kafin mako sunan Kawu zai yi fari fat. Na yi ta yi wa Kawu ido, bai ko kalle ni ba. Ya ba mutumin benci, ya saya masa ruwan leda, ya tambayi farashi. Mutumin ya faɗa. Kawu ya taya kashi ɗaya cikin goma. Aka yi ta ja har mutumin ya cire kwat ɗinsa. Da suka daidaita, sai Kawu ya ce to za a biya bayan tsinke ya motsa. Mutumin ya ce ba a haka, sai an ba da rabi.

Kawu ya ce, "Ba laifi. Kawo mani garanto. Wa zai tsaya maka?"

Mutumin ya ce bari ya amsa waya, ya bi ta bayan masu kankare kifi, ba mu sake ganinsa ba. Kawu ya ɗauki ragowar ruwan ledar ya shanye, yana cewa mutanen yanzu ba su iya ciniki ba.

A ƙarshe dai Madam Rifkatu ce ta gaya masa gaskiyar hanya. Ta ce ba dabara sai ɗaya, ya ci ƙaramin bashi, ya riƙa biya a kan lokaci wata bayan wata, har na'ura ta saba ganinsa da alheri.

Kawu ya ce, "Tsaya in gane. In ci bashi don a yarda ni ba mai cin bashi ba ne?"

"Haka ne, Baba."

"Wanda ya ƙera abin ga, yana da iyaye kuwa?"

Ya yi mako yana tsaki, sannan ya je. Sai da ya sa ta nemo masa irin wanda babu ruwa a kai, ya kuma sa ta rantse da Littafinta cewa kuɗin takarda ne kawai zai ƙara. Ya ƙi a tura masa ta asusu, ya ce a ba shi a hannu ya ga abin da ya jawo wa kansa. Ya karɓa da hantsi. Kafin la'asar ya koma da su cif, ko robar bai cire ba, ya ajiye a kan tebur yana murmushi, ya ce a duba tsinke.

Madam ta dafe kai. "Baba, ka bari ya kwana mana. Wata-wata za ka biya, kaɗan-kaɗan. In ka dawo da shi yau, kwamfuta bai ga komai ba."

Haka ya komo gida da kuɗin kamar an ba shi riƙon maciji. Hajiya tana da wata tukunyar ƙasa da ta sayo a Ushafa don sanyaya ruwa. Ya zubar da ruwan, ya shanya ta, ya zuba kuɗin ya tura ƙarƙashin gado. Bai taɓa ko naira ɗaya ba. Duk ƙarshen wata zai cire kason watan, ya riga masu gadi isa ƙofar banki, ya mayar musu da takardun kuɗinsu su ɗin dai da suka ba shi. Hajiya ta sha ruwan zafi rani guda saboda darajar sunan mijinta, kuma ba ta bar shi ya manta ba.

Duk wannan muna dariya. Abin da ba ya ba ni dariya shi ne bayan azahar.

Hajiya ta ƙi rage awo. Ta ce hannunta ya saba da abincin mutum biyu, ba za ta koyi sabon awo da tsufanta ba. Saboda haka kullum kwano yana zuwa a cike. Kawu zai buɗe, ya yi tsaki, ya raba biyu da cokali, ya juye rabi a murfi. Ranar Asabar da nake zuwa taya shi, ni yake miƙa wa.

"Uwata, kai wa mutumin can, kada a yi almubazzaranci."

In duba in ga kan tarwaɗa a saman murfin. In tsallaka in kai. Baba Mudi ya karɓa da hannu biyu, ya ɗauke kan ya ɗora a 'yar takarda.

"'Yata, mayar masa. Ki ce nasa ne."

Kawu ya ce, "Ki ce mashi haƙorana sun daina."

"Ki ce masa jiya na gan shi yana tauna rake."

Haka zan yi ta zirga-zirga da kan kifi har ya huce, ƙarshe a ba mai baro. Abin da suka shekara talatin suna faɗa a kansa, yanzu kowa yana tura wa ɗan'uwansa. Ba wai gaba suke yi ba. Suna gaisawa, suna tsayawa sahu ɗaya a masallaci. Amma hirarsu a cikin kwanon nan take, da aka raba kwanon sai ta bushe. Kowa ya zauna a rumfarsa yana ci yana kallon hanya, tsakaninsu bai fi taku kaɗan ba. Na ga Kawu ya ji wani labarin siyasa a rediyo, ya juya da sauri zai yi magana, sai ya tuna, ya mayar da kai ya gaya mini ni. Ni kuwa ba na iya musun da yake so. Abin yana ci mini rai ƙwarai, don tsofaffi biyu ne masu son juna, kuma babu wanda ya hana su sai su.

Na taɓa ce wa Baba Mudi shi ya je ya roƙe shi mana. Ya ce, "Ni na ɓata, 'yata. Ba ni da bakin da zan ce ya karya rantsuwa don ni. Zan jira."

Bayan watanni masu yawa, wata safiya tsinke ya taka cikin ruwan ɗorawa. Kawu ya kira ni a waya da kuɗinsa, abin da bai taɓa yi ba, don shi filashin kawai ya iya. Da yamma ya sayo lemon kwalba guda ɗaya, ya raba mana ni da Hajiya. Ya wuce ta gaban rumfar Baba Mudi yana magana da iska, "Wasu abubuwan dai sun fara hankali." Baba Mudi ya ce da iskar, "Alhamdu lillahi."

Murnar ce ta kai shi ga kuskure. Ya yi lissafi irin na kasuwa, ya ce idan bashi ɗaya ya kawo shi nan, biyar za su kai shi kore kafin azumi. Bai shawarci kowa ba. Ya sa babbar riga ya zaga bankuna, ya nemi rance a duk inda ya ga ƙofa a buɗe. Kowannensu kuwa sai ya leƙa sunansa kafin ya ba da amsa, kuma ashe na'ura tana ƙirga masu leƙen. Da aka sabunta, tsinke ya zame ya koma bakin ja.

Madam Rifkatu ta ce, "Baba, me ya kai ka? Kwamfuta ya ga kana yawo kana neman kuɗi ko'ina, ya ɗauka ka shiga matsala ne."

Kawu ya ce, "Ai bai yi ƙarya ba."

Ranar bai zagi tsinken ba. Ya ajiye wayar a kan benci ya zauna yana kallon rumfar da ke gabansa. Ni na lura datar a kunne take tun safe, na kashe masa.

A daminar nan ƙafafunsa suka fara kumbura. Likita ya ce hawan jini ne ya taɓa zuciya, ya rage gishiri, ya rage tunani. Kawu ya ce gishirin zai duba. Muna dawowa daga asibiti a bayan Keke, sai ya yi magana ba tare da ya kalle ni ba.

"Uwata, tsinken ga ya fi ni lokaci. Mutum goma Malam ya ce ko?"

Na ce goma. Na ce mu tsaya yanzu a sayi shinkafar, gobe a dafa.

"A wannan farashin? Sabuwa na gab da fitowa. Bari ta fito kuɗi su sauka."

Hajiya ta ce ga shinkafa a gida a ɗiba. Ya ce ta gida ta gida ce, ba za a ci da haƙƙin iyali a biya wautar bakinsa ba. Na ce zan saya da albashina. Ya ce rantsuwar tawa ce? Muka yi dariya muka ƙyale shi, don mun saba duk abin da Kawu ya ja wa rai a ƙarshe yana samunsa a farashin da yake so.

Da kaka ta yi, wani ya gaya masa shinkafa ta fi araha a Abaji. Mutumin da likita ya hana hawa bene ya shiga motar haya tun asuba, ya yi wannan doguwar tafiya ta hanyar Lokoja, ya yini yana taya buhu. Ya dawo da yamma da rabin buhu, ƙafafu kamar turame, fuska cike da annuri. Na lissafa masa kuɗin mota da na dako, na nuna masa sun fi abin da ya rage. Ya ce ni malamar makaranta ce, ban san daɗin ciniki ba.

Ya ce wa Hajiya ranar Juma'a za a dafa, a kai ƙofar masallaci bayan an sauko. Ya gargaɗe mu kada wanda ya gaya wa Mudi. Ya riga ya tsara yadda zai yi. Ranar Asabar zai buɗe kwano kamar ba a taɓa yin komai ba, ya ɗaga kai ya ce, "Kai Mudi, sai an aiko maka da takarda?" Har gwadawa ya yi a tsakar gida, yana sauya murya, yana tambayar Hajiya wacce ta fi nuna bai damu ba.

Bai kai Juma'ar ba. Ya dawo daga sallar asuba ya zauna a kan darduma yana jan carbi, Hajiya ta kawo masa koko ta same shi ya jingina da bango.

Baba Mudi ne ya shiga kabari ya karɓe shi. Bai yi kuka ba har aka watse.

Ranar sadakar uku mata suna shawarar abin da za a ɗora, sai Hajiya ta nuna rabin buhun nan da ke jingine a lungu, ta ce shi za a dafa. Da aka sauke, na fita na samu Baba Mudi a ƙofar gida, a ƙarshen tabarma, nesa da inda ake zuba abinci. Na durƙusa na gaya masa komai: asibiti, da Abaji, da Juma'a, da abin da Kawu ya shirya faɗa ranar Asabar. Na faɗa masa da irin muryar da Kawu ya zaɓa.

Ya saurara har ƙarshe. Sannan ya tashi ya fita bakin titi. Ya dawo da mutane, masu dako da tsofaffin da ke zama a ƙofar masallaci da wata makauniya da jikarta, ya ƙirga su da yatsa har goma. Ya zaunar da su, ya karɓi faranti daga hannuna, ya zuba wa kowa da kansa. Ya tsaya a kansu yana ƙara wa wanda ya cinye, bai bar su ba sai da kowa ya ce ya ƙoshi. Da suka tafi, ya je ya tsuguna gaban Liman.

"Malam, rantsuwar ta faɗi?"

Liman ya dube shi, ya ce, "Alhaji, je ka ci abincinka."

Hajiya ta ji daga ciki. Ta zuba a kwanon kasuwa, awon mutum biyu kamar kullum, ta ba ni na kai masa. Baba Mudi ya wanke hannu, ya yi bisimilla, ya fara ci. Gabansa kawai yake ci. Ya ci har ya iso tsakiyar kwano, ya tsaya a nan, ɗaya gefen yana nan a cike ba a taɓa ba. Ya zauna da hannu a bakin kwanon yana jira, yadda mutum yake jiran abokin cinsa ya kammala. A nan ne kukan ya zo masa, mu ma da muke tsaye ya zo mana.

Allah ya jiƙan Kawu Lawal, ya yafe masa taurin kansa, ya karɓi shinkafar nan yadda ya yi niyyarta. Allah ya ba Baba Mudi haƙuri, ya sada su a inda ba a raba kwano. Amin.